Curtis 1313 da sitiyarin motar ɗaga kaya mai kamawa ya saki

A siton shinkafa irin na Argungu da Birnin Kebbi, ciwon da ya fi wahalar da mai gyara shi ne wanda ke ɓuya idan an zo nemansa. Direba ya ce sitiyari ya kafe, motar ta taka birki da kanta, amma da an kashe makulli an kunna sai ta tashi garau. Don wannan matsalar muka riƙe Curtis 1313, 'yar na'urar hannu da ake jonawa a kwantirola, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa motar, ga kuma yadda muka same ta.

Babban amfaninta tarihin matsala. Kwantirola na ajiye duk laifin da ya gani, ko da ya wuce. A karanta, a rubuta a takarda, sannan a goge, a bar motar ta yi aiki da kaya har ta ɗauki zafi. Laifin da ya dawo shi ne na yanzu. Sauran tsofaffi ne. Masu gaggawa kan goge kafin su karanta, su zubar da shaida da hannunsu.

Sai shafin Monitor, mai nuna lambobin motar yayin da take aiki, inda kuɗinta ke fita. A ɗaga tayar da ke juyawa daga ƙasa, a tokare motar da katako, a murɗa sitiyari sannu sannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana kallon lambobi biyu: abin da sitiyari ya nema da inda taya take. Su riƙa hawa da sauka a jere. In lamba ta yi tsalle a wuri guda kullum, sensa ce, wato abin da ke auna juyawar, ta cinye. In kuwa sai an girgiza waya take tsalle, soket ne, kuma galibi shi ne. Ƙurar buntu da ta hunturu na shiga bakin soket, damina ta zo ta jiƙa ta, fil ya yi tsatsa ko ya saki. Sitiyarin lantarki na kwatanta saƙo biyu daga sensa, da zarar sun saɓa yakan tsayar da motar, kuma haka aka tsara shi don kada ta kifar da kaya a kan mutum. Wajen tsabtace soket, busasshiyar iska da feshin wanke soket sun isa. Ruwa, a'a.

Abin da ba ta yi fa? Za ta ce wuta ta yi ƙasa, ba za ta nuna sel ɗin da ya mutu ba. Batir mai bolt 48 sel 24 ne, kowanne bolt 2, kuma sel guda mai rauni kan ja wutar ƙasa daidai lokacin da ake ɗaga kaya ana juyawa. Wannan aikin mita ne da ma'aunin ruwan batir, wanda kan nuna kusan 1.280 a cikakken caji. Haka layin CAN, wayoyi biyun da na'urorin motar ke aika wa juna saƙo ta kansu: a cire batir a auna tsakanin wayoyin biyu, om 60 ake nema. In 120 ya fito, waya ta katse ko ɗaya daga resista biyun da ke ƙarshen layin ta fita. Zaren buhu da ya naɗe a giyar juya taya ma ido ne ke ganinsa, na'urar dai za ta ce injin sitiyari na jan wuta fiye da kima.

Kafin a saya a duba abu uku. Kwantirolan Curtis kawai take ji, motar da ke da kwantirolan kamfanin Zapi tana da tata na'urar. Akwai mai shiga ta CAN, akwai wadda ba ta CAN ba, a san wacce motar ke so. Matakin izini kuma ya bambanta, ta ƙaramin mataki ba za ta bari a taɓa wasu saituna ba. A ganina hakan alheri ne, domin yaron shago da ya samu ƙofa buɗe sai ya canja abin da bai sani ba. Wanda zai sauya sensa dai ya tabbatar tasa na iya saita tsakiyar sitiyari, ya kuma ajiye kwafin saitunan motar kafin ya fara.

Ga mai kula da mota uku ko huɗu, ta cancanci kuɗinta. Mai guda ɗaya ya kira wanda ke da ita.