Kafin ka sayi hannun jari don ka ga P/E ɗinsa ya yi ƙasa

Duk wanda ya taɓa sayen keke-napep ya ba wani yana kawo masa balas ya san tambayar: shekara nawa kafin kuɗina su dawo? Ita ce tambayar da P/E, wato ma'aunin farashin hannun jari a kan ribarsa, ke amsawa. Ana raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da ya samar a shekara. Na naira 60 da ya kawo ribar naira 10, P/E ɗinsa 6 ne, wato shekara shida idan ribar ta tsaya a haka.

Sai dai wace ribar ake nufi? Akwai ta watanni 12 da suka wuce, wadda ke rubuce a rahoton kamfani. Akwai ta hasashen shekara mai zuwa, da manazarta ke ƙiyastawa, ita kam ban cika ɗora mata nauyi ba. Akwai kuma ta Robert Shiller na Jami'ar Yale, wanda ke ɗaukar matsakaicin ribar shekaru goma bayan cire tasirin hauhawar farashi. A Disamban 1999 ma'auninsa ya kai kusan 44 a kasuwar Amurka. Wanda ya sayi hannun jarin kamfanin Microsoft a ganiyar tsadar wancan lokacin, sai a 2016 ya ga farashin ya koma inda ya saye shi.

A gida, shekarar 2023 ta ishe mu darasi. Da aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni, bankuna irin su Zenith, UBA da GTCO, masu dukiya a dala, suka wayi gari ribarsu ta yi tsalle a takarda. P/E ɗinsu ya faɗo warwas, kamar ana gwanjo. Amma babban kaso na ribar daga sake lissafin dala zuwa naira ya fito, ba daga ciniki ba, har Babban Bankin Najeriya ya hana su raba wa masu hannun jari wannan kason a watan Satumba. A shekarar ce kuma MTN Nigeria ya tafka asarar kusan naira biliyan 137 saboda faɗuwar nairar, ya zama ba shi da P/E ma gaba ɗaya tunda babu ribar da za a raba farashin da ita, alhali mutane ba su daina sayen kati da data ba.

Da za a ajiye mini hannun jarin bankunan nan da na MTN in zaɓa, ba zan dubi lambar yau kaɗai ba. Zan jera P/E na kamfanin na shekara biyar zuwa goma in ga inda ya saba tsayawa, in kwatanta banki da banki, siminti da siminti, Dangote da BUA misali. Sannan in buɗe rahoton shekara, in nemi layin ribar canjin kuɗi, in cire shi, in sake rabawa.