Gargaɗi: Hattara da masu tallar tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali

'Yan uwa mata, musamman masu haɗa wa amare kayan kicin, a yi hattara da wasu masu talla a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook. Suna sa bidiyon tukunyar nan da ake zuba mata ganda ko ƙafar saniya da safe, a dawo da yamma a tarar sun yi laushi, sai su ce saura biyar kacal, a tura kuɗi kafin a sa a mota. Wasu da sun ga alat sai su toshe lambarki. Wasu kuma su ƙara neman "kuɗin tasha" tukuna.

Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu aiko kayan, domin nan ne mutum zai ɗauka ya tsira. Iri biyu suke aikowa. Na farko, tukunyar dafa shinkafa ce aka canza wa kwali. Gane ta ba wuya: cikinta ƙarfe ne marar nauyi, da maɓalli ɗaya da ke tashi da kansa idan ruwa ya tsotse. Ta gaske kuwa cikinta tangaran ne mai kauri da nauyi, ana ɗaga shi a wanke, murfinta gilas, kuma tana da wurin zaɓar wuta ƙasa ko sama.

Na biyu, gwanjon Amurka. Can wutar gida bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240. Da kin jona ta kai tsaye, sai ƙauri da hayaƙi, shi ke nan ta ƙone. Mai sayarwa ya san haka sarai, amma zai ce wutar unguwarku ce ta yi yawa. Ki juya tukunyar, ki karanta rubutun da ke gindinta kafin ki biya.

Akwai kuma ƙaryar cewa ko ƙaramar sola za ta riƙe ta. Gaskiya ba ta shan wuta kamar hita, yawanci wat 200 zuwa 300 ne, amma fa awa 6 zuwa 8 take aiki. Ƙaramin batir ba zai kai ba. Idan Nepa ta ɗauke a tsakiyar dahuwa ba kowa a gida, naman zai yini cikin ɗumi, kuma wannan shi ne yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa. Ba su taɓa faɗa wa mai saye wannan, alhali yara ne za su ci.

Idan kina so, ki je kasuwa da kanki, ko ki aiki wanda kika yarda da shi, a jona ta a shago a ga ta yi zafi. Idan ta nesa ce, a nuna miki gindinta a kiran bidiyo, ki duba ko sunan asusun ya yi daidai da na mai shagon, kuma kada ki biya duka sai kaya sun iso hannunki.