Ƙaramin lambun unguwa ko babban wurin shaƙatawa?

'Yar uwa, kin ce yaranki biyu ne, ɗan shekara 3 da 'yar shekara 8, kuma kin rasa inda ya fi dacewa ki riƙa kai su.

Ga ɗan shekara 3, ƙaramin lambu ya fi. Daga benci ɗaya idonki na kan ko'ina, musamman idan akwai shinge kuma ƙofa ɗaya ce. A babban wuri kuwa ƙofofi da yawa, ga masu keke, wani lokaci har da tafki, ƙiftawar ido yaro ya ɓace miki. Sai dai 'yar shekara 8 za ta gaji da ƙaramin da wuri, don ita filin gudu take so da abin hawa mai tsawo. Banɗaki da famfo ma an fi samunsu a babban.

Inda ƙaramin ke da rauni shi ne gyara, domin ba kullum ake da mai kula da shi ba. Ke za ki zama mai dubawa, kuma ki fara da ƙasa, tunda faɗuwa ce ke kawo yawancin raunukan wurin wasa. Siminti ko busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin lilo ba su da amfani, ciyawa ma ruɗi ce, don takawa na cinye ta. Abin nema shi ne shimfiɗar roba, ko yashi mai zurfin kusan santimita 30 da ya kai mita 1.8 kewaye da kowane abin hawa. Ki tona da ƙafa daidai ƙarƙashin lilon, nan yashi ke fara ƙarewa saboda jan ƙafar yara. Gaba da bayan lilo kuma su zama fili, ninki biyu na tsayinsa.

Sannan ki duba tazarar da ke tsakanin ƙarafan kayan wasa. Duk wadda ta faɗa tsakanin santimita 9 da 23 haɗari ce, jikin yaro zai wuce, kansa ya maƙale. Ƙugiyar sarƙar lilo ta kasance a rufe ruf, babu tsatsa, babu ƙusa a waje. Abin zamiya na ƙarfe ki taɓa shi da bayan hannu kafin yaro ya hau, rana na sa shi ƙona fata. Kada kuma ki ɗora ƙaramin yaron a cinya ku zame tare: takalminsa na iya maƙalewa a gefe, nauyinki ya karya masa ƙafa.

Babban wuri yakan raba kayan wasa, na 'yan shekara 2 zuwa 5 daban, na 5 zuwa 12 daban. A ƙaramin lambu sau da yawa a haɗe suke, manyan yara na bangaje ƙanana.

Shawarata, ƙaramin ya zama na yau da kullum, da safe ko bayan ƙarfe 4 na yamma. Babban ki bar shi sai ranar da kika samu wani babba ya raka ki, kowa ya riƙe yaro ɗaya.