Tocila mai tsada ko mai araha: wacce ta dace da ɗan Sakkwato?

A watan Afrilu ne, tsakiyar zafi, aka ɗauke wuta cikin dare, muna kwance a tsakar gida. Yarona ya yi ƙara wai wani abu ya bi ta kan ƙafarsa. Na laluba tocilar da na saya sati uku kafin nan, irin ta robar nan da ake soka wa a bango ta yi caji, na danna. Ta kawo wani haske ja-ja kamar na aci-balbal, ta mutu. Da hasken waya muka ga kunamar a gefen tabarma, Allah Ya kiyaye ba ta harbe shi ba. Washegari na fasa tocilar, na tarar da ƙaramin batirin dalma a ciki ya kumbura, an liƙe shi da waya yadda ba ya canzuwa. Tun daga ranar, tambayata ta farko a kan kowace tocila ita ce: batirinta yana fita?

Mu fara da manya. Maglite ta Amurka, wadda ta fito a 1979, ita ce doguwar ta alminiyam da ake gani a hannun 'yan sandan can. Ƙarfi kam akwai, amma manyanta na cin batir irin na rediyo, ga nauyi. SureFire kayan soja ce, da yawa daga cikinta sun haura dala 100, kuma wasu na amfani da batirin CR123A wanda ba a cajinsa, ba kuma za ka same shi a shagon unguwa ba. Ledlenser ta Jamus kyakkyawa ce, kuɗinta ne ya yi mini yawa. Fenix da Nitecore da Olight kuwa, ko da yake ana sa su cikin manya, kamfanonin China ne su ma. Don haka mai ce maka "wannan ba ta China ba ce" bai faɗa maka komai ba.

Abin da ya rage wa manyan nan kwarjini shi ne ƙwan LED. Yawancin masu haɗa tocila ba su ke yin ƙwan ba, saye suke yi daga kamfanoni irin su Cree da Luminus da Samsung da Nichia ta Japan. Ƙwan da ke cikin tocila mai tsada, sau da yawa irinsa ne ƙaramin kamfani ke sakawa a tasa. Abin da babba ya fi shi da shi sai ingancin haɗi, da jure faɗuwa, da garanti. Garantin ma, ka zauna ka lissafa kuɗin aika tocila daga Mabera zuwa ƙasar waje a gyara a dawo maka da ita.

Ni dai tawa Convoy S2+ ce, ba na kuma ɓoyewa. Convoy ƙaramin kamfani ne a China, kuɗin tocilar bai kai dala 20 ba, wato da kuɗin babba ɗaya sai ka sayi huɗu ko biyar. Jikinta alminiyam ne, tsawonta bai kai tafin hannu da yatsu ba, maɓallinta ɗaya a gindi. Batir ɗaya take ci, mai caji da ake kira 18650, kana kwance gindin ya faɗo hannunka. Idan ya ƙare a gona ka zura wani, idan ya tsufa ka sayi sabo, tocila na nan. Akwai zoben roba a duk mahaɗarta. Ba ta da ramin caji a jiki, wasu na ganin hakan aibi ne tunda sai ka sayi caja daban. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin tufafi, ni alheri na ɗauke shi. Na ba ƙanena ɗaya, yana ban ruwan albasa da dare a fadamar wajen Kwalkwalawa, ta faɗa cikin laka ya fi a ƙirga, ya wanke ta ya ci gaba. A matsakaicin haske take yin aikinta mai kyau. Idan ka ƙure ta za ta yi zafi a hannu, musamman a bazara.

Wanda bai son wahalar caja ya duba Wurkkos FC11, tana da USB-C da maganaɗisu a gindi, ko wata daga cikin na Sofirn. Masu kan nan da ake ja gaba da baya don matse haske, ƙura suke zuƙa, a bar su.

To, ga inda ake cutar mutane. Na tsaya a wani teburi cikin kasuwa, mai kayan ya miƙo mini wata baƙa a kwali mai hoton soja, ya ce, "Alhaji, wagga har bakin gulbi take haskawa." A jikin kwalin an rubuta lumen 100,000, lumen kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin haske. Ƙwan fitilar mota na halojin ɗaya kusan lumen 1,500 yake bayarwa. Ƙaramar tocila mai ƙwai ɗaya idan ta kai 1,000 ta yi ƙoƙari, ko ta kai ma bayan 'yan mintuna take rage kanta saboda zafi. Manyan kamfanoni na bin ma'aunin ANSI FL1 da aka kafa a 2009 wajen rubuta haske da daɗewar caji. Mai kwalin soja abin da ya ga dama yake bugawa.

Ha'incin batir ya fi wannan muni. Sunan 18650 daga girmansa ne, faɗi milimita 18, tsawo 65, kuma na ƙwarai daga Samsung ko LG ko Panasonic bai cika wuce 3,500mAh ba, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka. Duk wanda ka ga an rubuta masa 8,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta. Na gaskiya nauyinsa wajen giram 45 ne. Na jabu za ka ji shi sakayau a hannu, wani kuma an cusa ɗan ƙaramin batir a ciki an cike sauran da yashi don ya yi nauyi. Akwai kuma waɗanda ake cirowa daga tsofaffin batiran laftof a sake musu riga. Kalli kan batirin da gindinsa: idan akwai ɗigo-ɗigon walda ko alamar an kankare, tsoho ne. Manyan sunayen ma ana buga na bogi, shi ya sa Fenix da aka yi maka tayi a kuɗin tocilar roba ba Fenix ba ce.

Mai gadi ko ɗan sintiri da ke kwana a waje kullum, idan yana da hali kuma ya san amintaccen mai kawowa, Fenix ba asara ba ce. Mu sauran, mai araha ta ƙarfe da batir biyu na ƙwarai sun wadatar. Kada dai a jefa batirin tsirara cikin aljihu tare da makullai, kada kuma a bar shi a mota cikin rana. Wanda ledarsa ta yage, a daina amfani da shi.