Safar matse ƙafa mai aji 2: amfaninta da inda ta gaza

Bayan wata shida ina amfani da safar matse ƙafa mai tsayawa ƙasan gwiwa saboda kumburin jijiyoyin jini na ƙafa, hukuncina shi ne tana aikinta, muddin an auna ƙafa kafin a saya. Aji 2 a ma'aunin Jamus tana matse idon sawu da ƙarfin 23 zuwa 32 mmHg (ma'aunin da ake auna hawan jini da shi), matsin yana sassautawa zuwa sama. Jijiyar da ta kumbura ta murɗe, ƙananan ƙofofin cikinta ne suka daina rufewa, jini ya riƙa komawa ƙasa yana taruwa. Safar na tura shi sama. Cikin mako guda nauyin ƙafa da kumburin yamma suka ragu sosai.

Awo da sassafe ake yi, kafin ƙafa ta kumbura: kewayen idon sawu, kewayen sha-raɓa inda ya fi kauri, da tsawo daga diddige zuwa yatsa biyu ƙasa da bayan gwiwa. A saka ta kafin a fara zirga-zirga, a cire da dare. Kada a naɗe bakinta, domin sai ya zama ɗauri ya tsare jinin. A wanke da ruwa mai ɗumi, a shanya a inuwa, rana na kashe robarta. Bayan wata uku zuwa shida ƙarfinta ya tafi, sai sabuwa.

Aibinta zafi. A watan Afrilu sai mai haƙuri, kuma sakawa na ba tsofaffi wahala.

Abin da ya fi damuna shi ne masu saye a kantin magani ba tare da ganin likita ba. Likitan tiyatar jijiyoyin jini ne mai wannan fanni. Zai ɗauki hoton jijiyoyin kana tsaye, ya kuma gwada ƙarfin jini a idon sawu da na hannu. Idan aka raba na idon sawu da na hannu sakamakon ya gaza 0.8, jini ba ya isa ƙafar sosai, wannan safa na iya jawo gyambo. Mai ciwon suga ya kiyaye ƙwarai.

Safar ba ta gyara ƙofar da ta lalace. Toshe jijiyar da zafi ta siririn bututu, ko allurar kumfa (magani mai kumfa da ke toshe jijiyar), ko fiɗa, su ne magani, kuma likitan da ke aiki da na'urar hoto ma yana yin na farkon biyu. Ƙananan jijiyoyi masu kama da saƙar gizo kuwa, likitan fata na iya yi musu allura.