Kafin ki biya kuɗin sikanin na mahaifa, ki san wanda kike bukata

Ƙanwata ta yi kusan shekara tana fama da jinin al'ada, kwana tara, wani watan goma, har idonta ya yi fari fat. Sau biyu ta je wani ɗakin sikanin a nan Nima, cikin Accra. Aka shafa mata man nan mai sanyi a mara, aka goga na'ura, aka miƙo mata takarda cewa mahaifa lafiya lau. Sai da likitar mata ta tura ta aka yi mata wanda ake zuba ruwa a ciki, sannan aka ga wani ɗan tsiro kamar ƙwayar gyaɗa maƙale a bangon mahaifar. Tun daga nan nake gaya wa mata a unguwa cewa sikanin iri-iri ne, kowanne da abin da yake iya gani.

Wanda kowa ya sani shi ne na saman ciki. Shi ya fi araha, ana samunsa ko'ina, daga Mamobi har Madina. Za a sa ki sha ruwa ki riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara ce ke buɗe wa na'urar hanya. Yana da kyau wajen duba juna biyu da ya girma, da manyan ƙarin mahaifa, ciwon da ya yi yawa a cikinmu mata baƙar fata. Amma daga nesa yake hange, ta cikin fata da kitse, ƙananan abubuwa kan kuɓuce masa.

Na biyu shi ne na ta gaba, likita kan rubuta TVS a takarda. Ana sa wa siririyar na'ura roba mai tsabta, a shigar da ita a hankali, wannan karon bayan kin yi fitsari. Da yake tana dab da mahaifa, tana nuna kaurin shimfiɗar ciki da ma'ajiyar ƙwai sarai. Ga iyayenmu da al'ada ta ɗauke musu kuma suka sake ganin jini, da wannan ake farawa: idan kaurin bai wuce milimita 4 ba, hatsarin kansa kaɗan ne ƙwarai. Na san kunya ce ke hana da yawa daga cikinmu. Ki nemi mace ta yi miki, haƙƙinki ne, ki tambaya tun a waya kafin ki hau torotoro. Budurwa kuwa ta faɗa tun farko, a duba ta ta saman ciki.

Wanda ya taimaki ƙanwata sunansa SIS. Bangon mahaifa biyu a manne suke kamar tafin hannu da aka haɗa, shi ya sa tsiro ke ɓuya a tsakani. Sai a zura ɗan bututun roba ta bakin mahaifa, a tura ruwan gishiri irin na asibiti, bangon ya rabu, duk abin da ke ciki ya fito fili: tsiro, ƙarin da ya kutso ciki, ko tabon da wankin ciki ya bari. Ana yin sa bayan jini ya ɗauke, galibi cikin kwana 10 na farko in aka ƙirga daga ranar da al'ada ta zo. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai ciwon sanyin mara da ba a magance ba. Ƙanwata ta ce ta ji murɗa kamar ta al'ada, ruwa kuma ya riƙa ɗigowa har yamma, don haka ki tafi da audugar mata. Ya fi sauran tsada, amma idan matsalarki jini mai yawa ne, ko ɓari a kai a kai, ko jinkirin haihuwa, a ganina gara ki tara sidinki ki yi shi sau ɗaya da ki maimaita na saman ciki sau uku.

Kada ki rikita shi da HSG. Wancan da hasken eksire ake yi, babban aikinsa duba ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Sikanin kuwa da sauti yake aiki, babu wannan hasken a cikinsa.

Game da inda za ki je, ki fara da ganin likita a sashen mata, ko a asibitin Korle Bu, ko Ridge, ko Komfo Anokye in kina Kumasi, shi ya rubuta wanda ya dace da ke. Ki tambayi ko katin inshorar lafiyarki na NHIS zai ɗauki nauyi, wa zai karanta hoton, kuma ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da bututu da rubutaccen sakamako. Ki riƙe ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, za a tambaye ki, ki kuma tafi da tsofaffin takardunki duka, har waɗanda suka ce lafiya lau.