Ƙaramin injin zarto na tebur: yadda na same shi a shagona a Garwa

Kafintan da shagonsa bai wuce ɗaki ɗaya da rumfa ba, injin zarto na tebur irin wanda ake ɗauka zai yi masa rana. Sai dai kada ya saya don lambar wat da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Nawa ya ga damina, ya sha ƙurar hunturu, ya yi aiki cikin zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a nan Garwa ta arewacin Kamaru, saboda haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina.

A da, duk katakon da za a tsaga sai mu loda a amalanke mu kai wa masu babban inji, mu bi layi, mu biya kuɗin kowane yanka. In an dawo aka tarar awo ya kauce, sai haƙuri. Wannan wahalar ce ta sa na nemi nawa. Faifansa, wato zarton da ke juyawa, faɗinsa milimita 254 ne, ƙarfinsa wat 1,800, yana cin kaurin da ya kusa santimita 8 in faifan na tsaye. Mutum biyu suna ɗaga shi su ɗora a mota, kuma wannan kaɗai ya sauƙaƙa mana aikin kabad da silin a gidajen mutane, domin a nan take ake yankawa a gwada.

Abin da ke raba injin kirki da na banza shi ne jagora, wato ƙarfen nan da katako ke bin jikinsa yayin da ake tura shi. Nawa ta gaba kawai yake kullewa, wutsiyarsa kuwa in ka matsa ta da babban yatsa sai ta ɗan gusa. Gusawar ba ta da yawa a ido, amma katako ya san da ita. In wutsiyar ta karkato wajen faifai, katakon sai ya matse, gefensa ya fito da baƙin ƙuna, inji ya canza murya, kuma a nan ne yake iya harbo maka guntun. Na ga guntun katakon sapeli ya tashi ya lotsa kwanon rumfa, ƙararsa har maƙwabcina mai walda ya leƙo. Shi ya sa kafin kowane yanka muke sa tef mu auna daga haƙori zuwa jagora ta gaba da ta baya. Ana samun aiki mai kyau, amma lokaci na tafiya. Akwai samfuran da jagoransu ke tafiya a kan haƙoran ƙarfe gaba da baya a tare, irin na kamfanin DeWalt, kana murɗa ɗan maɓalli yana matsawa a miƙe. Sun fi tsada, kuma a ganina nan ne ƙarin kuɗi ke da ma'ana. Idan ka je saye, a Duwala ne ko a nan, ka kulle jagoran a gaban mai kaya ka tura wutsiyarsa. Wanda ya yi rawa tun yana sabo ba zai natsu da tsufa ba.

Akwai wani siririn ƙarfe a bayan faifai da ke hana tsagin katako rufewa ya cafke haƙora. Kafintoci da yawa cire shi suke yi tun ranar farko, tare da murfin faifan. Yarona ma ya taɓa kawo shawarar: "Maigida, wannan ƙarfen tare hanya yake yi, mu kwance shi mana." Na ce masa, "Ɗana, faifan nan sau dubbai yake juyawa a minti guda, ba ya san yatsa ba ne." Ƙarfen na nan har yau, sandar tura katako kuma a rataye take a gefen teburin.

Sai batun wuta, wanda takardar da ke cikin kwali ba ta san halinmu a kai ba. Tamu a Kamaru da Cadi bolt 220 ce, hez 50. Injinan da ake kawowa daga Amurka na bolt 120 ne, kuma ramin faifansu kusan milimita 16 ne, alhali irin na Turai 30 ne. Arharsu na jan ido, amma sai ka haɗa da tiransifoma mai ƙarfi, sannan ka yi ta yawon neman faifan da zai shiga. Ni dai ba na ba abokin sana'a shawarar wannan. Wani abu kuma: a daƙiƙar tashi, inji na jan wuta fiye da abin da aka rubuta masa nesa ba kusa ba. Ƙaramin janareta da ke riƙe fitila da fanka durƙushewa yake yi da zarar an danna. A nemi injin zarto mai tashi a hankali in da hali, a kuma guji doguwar waya siririya. Abin da na fi yaba wa nawa shi ne makunninsa: in aka ɗauke wuta ana cikin yanka, ko ta dawo ba ya tashi sai an sake dannawa. A garin da wuta ke tafiya ta dawo ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Katakonmu yawanci daga dazukan kudu yake zuwa, ya biyo ta Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, manyan motoci su ƙaraso da shi Garwa da Marwa har Njamena. Ayus, mai laushi da rashin nauyi, injin na wuce shi salin-alin. Sapeli sai a hankali. Iroko mai kauri kuwa a nan yake nuna iyakarsa: sai na yi yanka biyu, rabi ta sama, in juya in ƙarasa. Iroko na dakushe haƙora da wuri, ƙurarsa kuma na ƙaiƙayin hanci da fata, don haka takunkumi dole ne. Faifan da ya zo da injin na rufin asiri ne kawai. Na sayi mai haƙora 24 don tsaga a tsaye da mai 60 don yanka a gicciye da fallen filawud, kuma bambancin ya fi ƙarfin a ce kaɗan.

Teburin ƙarami ne. Fallen filawud mai santimita 122 a 244 ba ya zama a kansa sai da mai tarewa, ko ka haɗa masa benci a baya daidai tsayinsa, kamar yadda muka yi da ragowar katako. Ƙara kuwa sai dai a ba maƙwabta haƙuri, ina kashe shi lokacin salla da tsakar rana. Irin wannan inji da gawayi yake aiki, wato ƴan guntayen nan da ke kai wuta a cikinsa, masu cinyewa da aiki, kuma garin katako da ƙurar hunturu na toshe masa hanyar iska, shi ya sa muke hure shi kowace yamma, mu bar shi ya huce in ya yi zafi.

Mai yin kujeru, kabad, tagogi da ƙananan tebura zai ga amfaninsa. Wanda aikinsa tsaga manyan ƙofofin iroko ne daga safe zuwa magariba, ya ci gaba da tara kuɗin babban inji mai bel, wannan ƙonewa zai yi a hannunsa. Kuma kafin ka ƙirga wa mai kaya ko jaka guda, ka ce ya nuna maka gawayi da makunnin canji na wannan samfurin a hannu, domin in sai an aiko daga Duwala ko Kano, shagonka ne zai zauna jira.